Akil, Aguru, Ud: Ta Wace Hanya Sunan Itacen Turaren Nan Ya Biyo?

Idan ka ɗauki kwalbar turaren da aka rubuta wa "Oud" a jiki, ko ka ga ana ɗora 'yan guntayen baƙin itace a kan garwashi cikin kasko, to abin da ake nufi, ko da ba shi aka zuba maka ba, itace ne da ake samu daga wata bishiya wadda masana tsirrai ke kira Aquilaria. A harshen Latin, aquila gaggafa ce. Amma bishiyar nan babu abin da ya haɗa ta da gaggafa. Ganyenta bai yi kama da fiffike ba, gaggafa ba ta fi son sheƙa a kanta ba, babu kuma wata tatsuniya da ta haɗa su. Wata kalma ce ta Kudancin Indiya ta faɗa kunnen Turawa, suka ji ta kamar sunan tsuntsu, kuskuren ya zauna daram har cikin littattafan kimiyya. Kalmar ita ce akil, kuma ita za mu bi sawu a wannan rubutu.

Kafin mu shiga batun suna, bari ka san kayan tukuna, don rabin gardamar a jikin itacen take.

Bishiyar Aquilaria mai lafiya ba ta da wani ƙamshi. Itacenta fari ne, mai taushi, sakwat, nauyinsa bai kai rabin na ruwa ba. Sai ta ji rauni, ko ƙwaro ya huda ta, ko iska ta karya mata reshe, ko wani ya sare ta da gatari, sannan ƙwayoyin fumfuna su shiga ta wurin raunin, ita kuma ta fara kare kanta. Kariyar ita ce wani danƙo mai duhu da take cusawa cikin ƙwayoyin itacen da ke kewaye da ciwon. Shekara da shekaru danƙon na taruwa, wurin ya yi baƙi, ya yi tauri, ya yi nauyi. Wannan ɓangaren shi ne ud. Ƙamshin kuwa yana fitowa ne daga manyan rukunan sinadarai guda biyu, waɗanda ake kira seskwitafin da kuromon, kuma ba su cika sakin ƙamshinsu ba sai sun ji zafi, shi ya sa ake ɗora shi a garwashi. A daji, bishiyoyi ƙalilan ne ke yin wannan danƙo. Adadin da aka fi ambata bai wuce ɗaya cikin goma ba. Riƙe abubuwa biyu daga nan: ud mai kyau nauyi gare shi har yana nitsewa a ruwa, sannan bishiyar tana fitowa ne daga Assam da ke arewa maso gabashin Indiya da yankin Sylhet na Bangaladesh, ta gangara Bama, Tailan, Kambodiya, Biyetnam, Malesiya, Indunusiya har zuwa Niyu Gini.

"Marar nauyi" da yake nitsewa

A Sanskirit, tsohon harshen ilimi da addini na Indiya, sunan itacen aguru ne, wani lokaci a rubuta agaru. Yana cikin littattafan magani na Charaka da Sushruta, yana cikin Arthashastra, littafin nan na dabarun mulki, inda aka jera irinsa daban-daban cikin kayan da ke shiga baitulmalin sarki. Daga shi aka samu agar na Hindi da Urdu, aka samu agarbatti, wato tsinken turaren nan na Indiya da ake kunnawa a shaguna, aka kuma samu gaharu na Malay.

Malaman Sanskirit na da sun fassara kalmar cikin sauƙi. Guru na nufin mai nauyi (ita ce dai guru ɗin da ake kiran malami da ita, wato mutum mai nauyi a idon jama'a), a- kuma a farkon kalma korewa ce. Saboda haka a-guru: marar nauyi. Magana ta zauna, ko?

Ba ta zauna ba. Mutanen Sin suna kiran wannan itace chenxiang, ma'ana turare mai nitsewa. Japanawa suka ara suka ce jinko, Biyetnamawa suka ce tram huong, duk ma'ana ɗaya. A kasuwar Sin ta da, gwajin farko da ake yi wa ud shi ne a jefa shi cikin ruwa, wanda ya nitse shi ne na ɗaya. To yaya za a yi 'yan kasuwar Indiya su raɗa wa haja suna da siffar da ke rage mata daraja? Wasu sun ce ai farin itacen ake nufi, shi da ma ba shi da nauyi. Amma farin itacen ba shi ake saya ba. Ba wanda zai ɗauko shi daga Assam ya kai fadar sarki.

Abin da ya faru a nan sananne ne ga masu nazarin asalin kalmomi. Baƙuwar kalma ta shigo harshe, masu harshen suka ga ta yi kama da wasu kalmominsu, sai suka yi mata kwaskwarima har ta ba da ma'ana. Mu ma muna da irinsa: ka sha jin an ce "Hausa" daga "hau sa" ta fito. Labari ne mai daɗi, amma daɗin labari ba hujja ba ne. Akwai kuma alamu biyu da ke tona asirin aguru. Na farko, rubutunta ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau aguru, gobe agaru, kuma agaru ba ta ba da waccan ma'ana ta rashin nauyi sam. Na biyu, a matsayin sunan itace ba ta da 'yan'uwa a harsunan da suka haɗa kaka da Sanskirit, irin su Girkanci da Latin da tsohon Farisanci. Kalmar aro ce. Tambayar ita ce daga wa.

Inda Tamil ya shigo

Tamil harshe ne na mutum sama da miliyan 70, a jihar Tamil Nadu ta Kudancin Indiya, da Siri Lanka, da Singafo da Malesiya. Ba dangin Sanskirit ba ne ko kaɗan. Yana cikin zuriyar harsunan Dirabidiya tare da Malayalam, Kannada da Telugu, kuma rubutattun waƙoƙinsa na farko, waɗanda ake kira adabin Sangam, sun kai shekara dubu biyu ko kusa da haka. A cikinsu akil ba baƙo ba ne. Mata na busar da gashinsu da hayaƙinsa bayan wanka, gidajen masu hali na ƙamshinsa, ana ambatonsa kafaɗa da kafaɗa da sandal.

Thomas Burrow, farfesan Sanskirit a Oxford, da Murray Emeneau na Jami'ar Kalifoniya, sun fitar da ƙamus ɗin asalin kalmomin Dirabidiya a 1961, suka sabunta shi a 1984. Akil na cikin kalmomin farko-farko a ciki, tare da 'yan'uwanta: akil a Malayalam, agil a Kannada, da makamanciyarta a Tulu. Burrow ya lissafa aguru cikin kalmomin da yake ganin Sanskirit ya ara daga harsunan Dirabidiya. Wato a ganinsa, kibiyar ta tashi ne daga kudu zuwa arewa.

Amma abin da ya fi jan hankalin mutane shi ne Ibrananci. A Tsohon Alkawari akwai kalmar ahalim, da 'yar'uwarta ahalot, a wurare huɗu: Littafin Ƙidaya 24:6, Zabura ta 45, Karin Magana 7:17 da Waƙar Waƙoƙi 4:14. A uku na ƙarshe an jera ta da kayan ƙamshi irin su mur da kirfa, kayan da ake turara tufafi da shimfiɗa. Cire -im da -ot, waɗanda alamun jam'i ne kawai, sai ka rage da ahal. Yanzu ajiye ta kusa da aguru, ka kuma ajiye ta kusa da akil.

Ga inda abin yake da daɗi. A rubutun Tamil, harafi ɗaya ne ke ɗauke da sautin k da g da wani sauti mai kama da h. Idan ya zo a farkon kalma, k ne. Idan ya faɗo tsakanin wasula biyu, sai ya yi laushi. Saboda haka abin da aka rubuta akil, a baki agil ne ko ahil. Ka ga ke nan baƙaƙen ahil da na ahal sun hau kan juna: h a tsakiya, l a ƙarshe. Aguru kuwa g gare ta da r. Robert Caldwell, ɗan mishan ɗin da ya daɗe a Tirunelveli kuma ya wallafa nahawun kwatanta harsunan Dirabidiya a 1856, ya lura da cewa kalmar Ibrananci ta fi kusa da ta Tamil a kan ta Sanskirit. Bayansa Chaim Rabin na Jami'ar Ibrananci da ke Ƙudus ya faɗaɗa maganar, David Shulman kuma ya sake kawo ta a littafinsa na tarihin harshen Tamil na 2016.

Wurin nan na Littafin Ƙidaya kuwa sai ka ajiye shi gefe. Tsohon rubutun Ibrananci ba shi da wasula, kamar dai Larabcin da ba a yi wa wasali ba, kuma baƙaƙen ahalim su ne baƙaƙen ohalim, wato tantuna. Waɗanda suka fassara littafin zuwa Girkanci tun kafin haihuwar Annabi Isa "tantuna" suka karanta. Saura uku ke nan masu ƙarfi.

Shin akwai hanyar da kalma za ta bi daga Kudancin Indiya zuwa gabar Bahar Rum? Akwai, kuma ba zato ba ne. An samu ƙwayoyin masoro a hancin gawar Fir'auna Ramsis na Biyu, wanda ya mutu a 1213 kafin miladiyya, masoro kuwa ɗan gabar Malabar ne. A zamanin Rumawa abin ya zama babbar harka: Strabo ya rubuta cewa jirage har 120 ke tashi zuwa Indiya duk shekara daga tashar Myos Hormos ta Bahar Maliya. Masu haƙar kayan tarihi sun tono tsingaro mai ɗauke da sunayen Tamilawa cikin tsohon rubutun Tamil-Brahmi a wannan tasha da kuma Berenike, duk a gabar Masar. A Berenike ɗin an samu wata randar Indiya da masoro kilo bakwai da rabi a ciki. Wato Tamilawa da kansu sun zauna a tashoshin Masar suna rubuta sunayensu a jikin tukwane. Kalmomi kuma sun bi kaya. Zanjabil ɗin da ka sani a Suratul Insan, wato citta, da zingiberis na Girkanci, asalinsu ɗaya, kuma ana mayar da shi ga kalmomin Dirabidiya inci da ver, citta da saiwa. Sandal ɗin da ke cikin turaren wutarmu ya biyo ta Larabci da Farisanci daga candana na Sanskirit, wanda shi ma ake dangantawa da cantu na Dirabidiya.

Matsalar da ba a cika faɗa maka ba

Idan a nan aka tsaya, sai ka ce an gama: Tamil ne uba, kowa ya ara. Haka za ka ga an rubuta a shafuka da yawa na intanet, har da ƙarin gishiri cewa Annabi Sulaimanu ya yi ciniki da Tamilawa kai tsaye. Amma akwai duwatsu uku a hanya.

Dutse na farko shi ne bishiyar kanta. Ka tuna inda muka ce tana fitowa? Assam da gabashinta. Tsakanin Assam da ƙasar Tamil akwai tafiyar fiye da kilomita dubu biyu. Tsofaffin marubutan Sanskirit ma can suke nunawa. Kalidasa ya siffanta giwayen sarki Raghu ɗaure a jikin bishiyoyin baƙin aguru a ƙasar Kamarupa, wato Assam. A ƙarni na bakwai Bana ya lissafa kyaututtukan da Bhaskaravarman, sarkin Kamarupa, ya aika wa sarki Harsha, ciki har da man baƙin aguru da littattafan da aka rubuta a kan ɓawon bishiyar. Har yau Assamawa na adana tsofaffin littattafai irin waɗannan, suna kiran takardar sanchipat. To me zai sa sunan bishiyar Assam ya samo asali daga bakin mutanen da ba ta tsiro a ƙasarsu?

Adabin Tamil ɗin ma bakinsa bai zo ɗaya ba, kuma a nan ne na fi son ka tsaya. Waƙar Pattinappalai, da ke siffanta tashar jiragen Puhar, ta jera kayan da suka cika kasuwa, ta ce sandal da akil daga duwatsun yamma suke, wato tsaunukan da ke tsakanin Tamil Nadu da Kerala. Amma Silappatikaram, wanda ya zo bayanta, ya nuna akil yana shigowa ne ta jirgin ruwa tare da siliki da kafur, iskar gabas na koro shi. Ɗaya ya ce na gida ne, ɗaya ya ce daga ƙetare. Ilimin tsirrai na iya sasanta su. A waɗannan tsaunuka da kuma Siri Lanka akwai wata bishiya, Gyrinops walla, 'yar gida ɗaya da Aquilaria, wadda ita ma take yin danƙo mai ƙamshi idan ta ji rauni. A Siri Lanka sunanta walla patta, kuma a 'yan shekarun nan masu fasa-ƙwauri sun addabe ta. Akwai kuma wata daban, Dysoxylum malabaricum, mai itace mai ƙamshi, wadda mutanen Kerala ke kira farin akil har gobe. Wato Tamilawa na da akil nasu na gida. Abin da ya fi kama hankali shi ne suna ɗaya ya rufe kaya biyu: na daji da ke kusa, da mai tsada da jirage ke kawowa daga gabas.

Dutse na biyu shi ne harafin l ɗin nan da aka dogara da shi. Ba Tamil kaɗai ke da shi ba. A harshen Pali sunan itacen akalu ne ko agalu, a Prakrit kuma akwai agaluya. Harsunan gabashin Indiya na wancan zamani sun saba mayar da r ta koma l. A rubuce-rubucen sarki Ashoka na gabas, raja laja ce. Kai da ka san Basakkwace na cewa halshe inda Bakano ke cewa harshe, wannan ba zai ba ka mamaki ba. Saboda haka ganin l a wata kalmar Yamma bai isa ya ce lallai ta bakin Tamilawa ta fito ba. Agallochon na Girkanci, alal misali, ya fi kama da siffofin Prakrit ɗin nan a kan akil. H ɗin Ibrananci ce ta fi nuna kudu, ba l ba.

Dutse na uku lokaci ne. Shaidun Berenike da Myos Hormos na zamanin Rumawa ne, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da ake danganta wa Annabi Sulaimanu. Masoron Ramsis ya nuna kaya na isowa, bai nuna wa ya ɗauko su ba, kuma kaya irin wannan hannu-hannu yake bi: daga Indiya zuwa Kudancin Arabiya, daga can ayarin raƙuma ya haura arewa. Ɗaya kalmar da ake kafa hujja da ita, tukkiyim a 1 Sarakuna 10:22, wadda Caldwell ya haɗa da tokai na Tamil, wato ɗawisu, ita kanta ana gardama a kanta. Akwai masu fassara ta da wani nau'in biri.

Kada ka manta kuma gardamar ba ta masana kaɗai ba ce. A Indiya, tambayar wa ya ara daga wa tsakanin Tamil da Sanskirit siyasa ce mai zafi. Tun wajen 1916 Maraimalai Adigal ya jagoranci yunƙurin tsarkake Tamil daga kalmomin Sanskirit, a 2004 kuma gwamnatin Indiya ta ayyana Tamil a matsayin harshe mai daɗaɗɗen adabi, shi ne na farko da ya samu wannan matsayi a hukumance. Kalma kamar akil, wadda za a ce ta shiga Sanskirit ta kuma shiga littafin Yahudawa, tuta ce. Duk inda ka ga an kawo ta ba tare da an ambaci Assam ko Pali ba, to ka san an ɓoye maka rabin lissafi.

Ni dai ga yadda nake auna ta. Tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Wa ya fara raɗa sunan, da kuma ta bakin wa sunan ya isa Yamma. A ta biyu, hujjar Tamil na da ƙarfi sosai game da Ibrananci, kuma kamar yadda za ka gani, ba ta da abokin gardama game da Turawan Fotugal. A ta farko kuwa, aguru aro ce babu shakka, akil ta fi ta kama da siffar asali, amma mazaunin bishiyar na jan hankali zuwa ga wani harshe na can gabas wanda kudu da arewa duka suka karɓa daga gare shi, kuma akwai masanan da suka karkata can. Sunan haja a bakin mai saye yawanci sunan da dillali ya kira ta da shi ne, dillalin kuwa ba lallai ne shi ya sare bishiyar ba.

Girkawa, Larabawa, da rikicin alobera

Dioscorides, likitan da ya rubuta babban littafin magunguna a ƙarni na farko na miladiyya, ya siffanta agallochon a matsayin itace mai ƙamshi da ake taunawa don gyara numfashi, ake kuma ƙonawa a madadin lubban. Ya ce daga Indiya da Arabiya ake kawo shi. Arabiya ba ta taɓa tsirar da wannan bishiya ba. Ya dai ga hannun da ya miƙo masa ne.

Sai kuma wani ruɗani ya shigo. Girkanci na da kalmar aloe, sunan tsiron nan mai kaurin ganye da ɗacin ruwa, dangin alobera. Saboda kamar sauti, aka riƙa kiran itacen ƙamshin da wannan suna shi ma. Daga nan Turanci ya samu aloeswood, kuma shi ya sa mai karanta fassarar Zabura zai ga an turara rigar sarki da "aloes" ya ɗauka ruwan alobera aka shafa mata. Tsirran biyu ko dangi ba su haɗa ba.

Larabawa sun bi ta wata hanya. Ud a Larabci itace ne kawai, ko sanda. Darajar wannan ce ta sa ya ƙwace sunan gaba ɗaya, kamar a ce "itacen" kowa ya gane. (Kayan kiɗan nan mai tsirkiya ma al-ud ne, daga shi Turawa suka samu lute.) Amma akwai tsohuwar kalma, aluwwa, wadda ta zo a hadisai: a Bukhari da Muslim an ambace ta a matsayin abin turaren 'yan Aljanna, a Muslim kuma an ruwaito Ibn Umar yana turare da ita, wani lokaci zalla, wani lokaci haɗe da kafur. Tun da wuri malaman lugga suka gane baƙuwa ce. Asma'i ya ɗauke ta Bafarisa da aka Larabtar. Dubi baƙaƙenta ka kwatanta da aloe da ahal. Daga baya 'yan kasuwar zamanin Abbasiyawa suka riƙa kiran ud da sunan inda ya fito: ƙamari daga ƙasar Khmer, wato Kambodiya, sanfi daga Champa a Biyetnam ta yau. Ibn Battuta, da ya isa wani gari mai suna Ƙaƙula a wancan yanki, ya yi mamakin ganin ana ɗauko shi a bayan giwaye ana hura wuta da shi a gidaje.

A nan akwai abin lura ga mai zuwa shagon magungunan Musulunci. "Udul hindi" da ya zo a hadisin Ummu Ƙais game da magani, malamai sun bayyana cewa ƙusɗu ake nufi, wato ƙusɗul hindi. Shi kuwa saiwar wani tsiro ce na tsaunukan Himalaya, Saussurea costus, ba itacen Aquilaria ba. Suna ya haɗa su, sinadaransu daban, amfaninsu daban. Wanda ya daka guntun ud na turare ya sha da sunan wancan hadisi, ba abin da aka ambata ya sha ba.

Tun da muna kan sunaye masu ruɗi: agar ɗin da muke zubawa a faranti a ɗakin gwaje-gwaje don renon bakteriya ba shi da haɗi da agar na turare. Wancan daga agar-agar na Malay yake, wani abu mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku, wanda Fanny Hesse ta ba mijinta Walther shawarar gwadawa a farkon shekarun 1880, lokacin yana aiki da Robert Koch.

Yadda gaggafa ta sauka a kan bishiyar

A 1498 Vasco da Gama ya sauka a Kalikut, a gabar Malabar, inda ake magana da Malayalam. A 1511 'yan Fotugal suka ci Malaka, babbar kasuwar ud ta wancan lokaci. A kasuwannin Malabar sun ji ana cewa agil, suka mayar da ita aguila, suka ce pao d'aguila, itacen aguila. Garcia de Orta, likitan da ya buga littafinsa kan magungunan Indiya a Goa a 1563, ya ware wa itacen babi guda, har ya ambaci wani iri da ake samu a Siri Lanka da ƙarshen kudancin Indiya, wanda suke kira aguila brava, wato na daji, ya bambanta shi da na ainihi mai zuwa daga wajen Malaka. Ka ga akil biyun nan sun sake fitowa, shekara fiye da dubu bayan mawaƙan Sangam.

Da kalmar ta isa Turai, sai ta tarar da águila na Sifaniyanci da aquila na Latin suna jiran ta. Masu rubutu da Latin suka ce lignum aquilae, Faransawa suka ce bois d'aigle, Jamusawa suka ce Adlerholz, Ingilishi suka ce eaglewood, kowa na fassara gaggafar da babu ita. Abin da malaman Sanskirit suka yi wa kalmar da "marar nauyi", shi Turawa suka maimaita da tsuntsu. Henry Yule da Arthur Burnell sun warware wannan ƙulli a ƙamus ɗinsu na 1886, amma sun makara da shekara ɗari. Tun 1783 Jean-Baptiste Lamarck ya riga ya raɗa wa bishiyar Aquilaria malaccensis, kuma a ƙa'idar sunayen tsirrai, suna ba ya faɗuwa don ma'anarsa kuskure ce.

Da wannan suna aka shigar da ita jerin CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a 1995, sauran dangin Aquilaria da Gyrinops suka biyo baya bayan taron 2004. A 2018 ƙungiyar IUCN ta sanya Aquilaria malaccensis cikin rukunin da ke dab da ƙarewa a daji, don masu nema kan sare bishiyoyi da yawa kafin su dace da ɗaya mai danƙo. Wani kaso na ud na halal da ke kasuwa yanzu daga gonaki yake, a Assam da Tailan da Biyetnam da Malesiya, inda ake huda bishiyar da gangan a ɗura mata fumfuna ko sinadari, a jira 'yan shekaru. Mafi yawan kwalaben "Oud" masu araha kuwa haɗin sinadaran masana'anta ne, babu ko ɗigon Aquilaria a ciki.